Fitilu a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Alta, farkon Oktoba

Yaya Torunn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gida, da karen nan naki da ba ya ƙaunata. Matata Sigrun da yara suna gaishe ki.

Na koma rubutu ne don kin daina ɗaga waya. Tun ranar da aka binne mijinki Oddvar ban ji muryarki ba sai ta na'ura, tana cewa in bar saƙo. Na bari har na gaji da jin kaina.

Jiya dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a nan. Gareji ya cika da masu son a sauya musu taya a sa na hunturu, kowa ya tuna a rana ɗaya, yadda suka saba. A cikinsu akwai Steinar mai kai muku wasiƙu. Shi ya faɗa mini kin koma aikin jinya, kuma kin fito da tsohuwar a-kori-kurar mijinki daga ɗakin ciyawa, da ita kike haye dutse zuwa gidajen tsofaffi. Ya ce tun kina bayan coci yake jin ƙararta.

Yaya, motar nan ta girmi 'yata ta fari. Ban ce ba ta da ƙarfi ba. Idan dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, aka ja sandar nan ta kusa da giya aka ɗaure ƙafafunta huɗu, za ta fita daga inda motocin yanzu za su kwana. Amma sai direba ya san lokacin ja da lokacin saki. A ja a kan busasshiyar kwalta, ta yi ta turjiya a kwana kamar doki mai gardama. A manta ba a ja ba a kan santsi, bayanta ya wuce gabanta. Hanyarku kuwa a tafiya ɗaya sai ta sauya hali sau goma: nan kwalta, nan ƙanƙara, nan laka. Irin wannan hanya ita ta dace da motar da ke raba ƙarfi ga ƙafafunta da kanta, ba ta jira a tuna mata.

Akwai ɗaya a wurina, mai tsabta, na sa mata sababbin tayoyi masu ƙusa, masu kama ƙanƙara. Ki karɓa ki yi hunturun nan da ita. Ba ciniki nake yi da ke ba.

Ko zagi ne ki rubuto, zan karanta.

Ƙaninki,
Halvard


Reinvik, tsakiyar Oktoba

Halvard,

Na sami takardarka. Lafiya nake. Kare ma lafiya, kuma bai sauya ra'ayi ba. Ka gaida Sigrun da yara.

Ba na son motarka. Mota mai tunani ka riga ka kawo gidan nan sau ɗaya, na kuma ga inda tunaninta ya kai.

Oddvar ya yi shekara talatin yana haye dutsen nan da a-kori-kurar da kake raina wa, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Yakan ce da ɗuwawu ake jin hanya, ba da ido ba. Yana barin ta a ƙafa biyu har sai ta ɗan kaɗa baya a hawa, sai ya ce, "To, ta yi magana," ya rage gudu, ya ja sanda. Taka kuwa ba ta magana. Tana hawa a kan madubin ƙanƙara kamar a kan kwaltar bazara, ta ɓoye wa mutum abin da ke ƙarƙashinsa, har sai ya iso gangare ya taka birki ya ji babu komai. Wata biyu kacal ya yi da ita.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ka san Ánte, makiyayin barewa da ke sauka bayan tafkin Svartvatn da hunturu. Shi ya kira 'yan sanda ranar da Oddvar ya rasu. Da bazara na haɗu da shi a kanti, ya biyo ni har waje da hularsa a hannu. Ya ce yana kan tudu ya ga fitilun motar suna gangarowa, ba gudu mai yawa ba. A kwana ba su karkata ba, suka miƙe kan tafki, daidai bakin rafi inda ƙanƙara ba ta kauri. Ya ce ko ƙara bai ji ba. Da ya iso, ramin da motar ta fasa a ƙanƙarar ya fara haɗewa, amma fitilun na kunne a ƙasa. Ƙanƙarar duka ta yi haske, kore-kore. Ya tsaya a wurin ba abin da zai iya, har fitilun suka mutu.

Na ce masa, "Me ya sa ka gaya mini?"

Ya ce, "Ya yi mini nauyi ni kaɗai."

Yanzu ina wuce kwanar nan Litinin da Laraba da Juma'a. Iya Magnhild ta gonar Myrland, a hayin dutse, tana da gyambo a ƙafa da ciwon sukari, ta kuma rantse ba za a kai ta gidan tsofaffi da ranta ba. In ban je na wanke mata ba, ƙafar za a yanke. Sauran ma'aikatan biyu suna da ƙananan yara, ni ba ni da wanda ke jirana. Saboda haka ni ke zuwa, da motar da na yarda da ita.

Ka huta lafiya.

Torunn


Alta, Nuwamba

Yaya Torunn,

Ina gaishe ki, ina kuma godiya da kika amsa, ko da yake na kwana biyu ban iya cin abinci ba bayan na karanta.

Rabin maganarki gaskiya ce, ba zan musa ba. Mota mai raba ƙarfi da kanta tana sa mutum ya saki jiki. Kullum ina faɗa wa masu saye, wasu su ji, wasu su yi dariya. Amma ki saurari sauran rabin, ba don in wanke kaina ba, don ke ce ke bin hanyar yanzu.

Da mai sanda da mai tunani, duka biyun tafiya suka iya. Tsayawa ba aikinsu ba ne. Birki ƙafa huɗu yake kamawa a kowace mota, har 'yar ƙaramar da Inna ke zuwa coci da ita. A gangare, idan ruwan sama ya kwanta a kan ƙanƙara, taya ce kaɗai ke magana da ƙasa, sai sarƙar da ake ɗaura mata. Ranar da abin ya faru ruwa aka yi da hantsi, sanyi ya dawo da yamma. Da a-kori-kurar yake ciki, da ita Ánte zai gani.

Sannan akwai abin da Oddvar ya ce kada in faɗa miki. Na riƙe har yau, amma ina ganin riƙon ya fi cutarwa. Ba ni na tallata masa motar ba. Shi ya shigo gareji wata Asabar, ya zauna a kan tarin taya, ya shanye mini kofi, ya ce, "Kai bakanike, wace mota ake saya wa matar da ta fi mijinta taurin kai?"

Na ce, "Au, za ka saki tsohuwar budurwarka mai tsatsa ke nan?"

Ya ce, "Ni da ita sai kabari. Yayarka nake nufi. Jiya ta haye dutse ta dawo a ƙafa biyu, ko taɓa sandar ba ta yi ba. Hannunta na kan sitiyari, hankalinta na kan gyambon wani. Ina son wadda za ta tuna mata."

Na ce to ya kai miki mana. Ya ce a'a, sai ya yi hunturu ɗaya da ita tukuna ya san halinta, don ba ya ba ki abin da bai gwada ba. Ya ce in kin ji don ke aka saya za ki ce an raina tuƙinki, gara ki ɗauka son zuciyarsa ne.

Ban san ko wannan zai sauƙaƙa miki ko zai ƙara ba.

Tun da kin ƙi motar, na ba Steinar sarƙa ya kawo miki. A ƙafafun baya ake sawa, ki gwada a tsakar gida da rana kafin ki buƙace ta. A gangaren tafki ki sa ƙaramar giya tun daga sama, ki bar inji ya riƙe ki, ƙafarki ta yi nesa da birki. In kika ga ruwa na sauka a kan gilashi alhali ƙasa a daskare take, ki kwana inda kike.

Allah ya tsare.

Ƙaninki,
Halvard


Reinvik, Disamba

Halvard,

Gaisuwa. Sarƙa ta iso, na gode.

Abin da ka rubuta game da Oddvar na karanta. Na ajiye takardar, na fita na share ƙofar gida har hannuna ya mutu.

Rana ta daina fitowa, yadda take yi mana a nan kowane hunturu. Ina barin gida cikin duhu, in iso saman dutse lokacin da sama ke yin shuɗi na ɗan lokaci, in dawo cikin duhu. Ina jan sanda yanzu tun daga gada. Ba na mantawa.

Zan faɗa maka wani abu, kada ka nuna wa Sigrun. Satin da ya wuce, ina dawowa da azahar, na iso saman gangaren sai na ga haske a tafki. Ba a kan ƙanƙara ba, a cikinta, wajen bakin rafi. Kore, marar ƙarfi, kamar fitilar da aka rufe da mayafi. Na ce wa kaina koren hasken nan ne da ke fitowa a sama da hunturu yake faɗowa a kai. Na leƙa sama, gajimare ne ko'ina. Na tsaya a gefen hanya na bar inji yana aiki. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Motar da ke share dusar ƙanƙara daga hanya ce ta zo ta yi mini ham.

Ranar Laraba babu komai. Ranar Juma'a yana nan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da rashin barci da rashin rana ke yi wa mutum. Na sha gaya wa matan da suka rasa maza cewa abin zai wuce. Amma sanin bai hana ni gani ba, kuma gaskiyar ita ce na fara ɗokin isa wurin.

Iya Magnhild ta lura. Ina naɗe mata ƙafa ta ce, "Yarinya, kin makara, kuma hannunki sanyi kamar na gawa. Ina kika tsaya?"

Na ce hanya ce ba kyau.

Ta ce, "Hanya ta fi ki lafiya. A tafki kika tsaya."

Ta tura mini faranti da waina da cuku, ta ce, "Ci. Nawa mijin teku ne ya ɗauke shi, ko takalminsa ba a samu ba. Shekara biyu ina jin takunsa a baranda. Wata rana na buɗe ƙofa na ce, ko ka shigo ko ka tafi, sanyi na shiga mini gida."

Na ce, "Ya shigo?"

Ta ce, "Ke dai ci wainarki."

Ƙafarta tana samun sauƙi, naman ya fara haɗewa. Ba zan zo Kirsimeti ba, kada ku ajiye mini wuri. Na aika wa yara safa ta hannun Steinar.

Torunn


Myrland, bayan Kirsimeti

Zuwa ga Halvard mai gareji,

Ina gaishe ka. Ba ka san ni ba, amma ni na san ka tun kana yawo da majina a bayan uwarka. Ni ce Magnhild da yayarka ke wanke wa ƙafa. Ka yi haƙuri da rubutun, idona ya tsufa.

Ba na shiga abin da ba ruwana, amma wannan da ruwana, don saboda ƙafata take bin hanyar. Yayarka tana tsayawa a bakin tafki. Ánte ya gan ta fiye da sau ɗaya. Da farko a cikin mota take zama. Shekaranjiya ya ce ya gan ta a tsaye a waje, ba hula, ta wuce duwatsun bakin ruwa.

Na ce mata in dai don ni ne, a kai ni gidan tsofaffin, na haƙura. Ta ce ba ta yarda ba. Ka ga ke nan ba don ni take zuwa ba yanzu.

An ce kuna ta musu a takarda a kan wace mota ta fi wace. Ni ban taɓa tuƙa ko keke ba, amma na san ba mota ke damunta ba. Ka bar aiko ƙarfe, ka zo da kanka.

Allah ya ba mu alheri.

Magnhild Myrland


Reinvik, Janairu

Halvard, ƙanena,

Ina gaishe ka da Sigrun da yara. Na ga kiranka duka, na kuma ji saƙon da ka bari cewa ka taso aka rufe hanya saboda guguwa. Na san Iya ce ta rubuta maka, ta faɗa mini da bakinta, ko kunya babu.

Kafin ka ji a bakin Steinar: lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu. Motar ce ke bakin tafki.

Ranar Juma'a na tafi cikin sanyi mai kyau, hanya a bushe tana ƙara a ƙarƙashin taya. Ina gidan Iya iska ta juya. Da na fito, ruwa ne ke ɗiga daga rufi. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ga gado nan, ki kwana." Na ce kare bai ci abinci ba. Na tuna maganarka sarai. Sarƙarka kuma tana bayan kujera a cikin jakarta, ban taɓa buɗewa ba. Na ce a raina ai na ja sanda, ƙafa huɗu a ɗaure, wannan motar ba ta taɓa cin amanar kowa ba.

Ta hau dutsen lafiya. A saman gangaren na sa ƙaramar giya yadda ka ce. Tafiya nake kamar ta mai ƙafa. Ban taɓa birki ba sai da na ji ƙarar taya ta ɗauke. Ka san shirun nan? Inji na aiki, ƙafafu na juyawa, amma motar ba ta tare da ƙasa. Na juya sitiyari ya juyu kamar ba a haɗe yake da komai ba. Kwana ta zo ta wuce ta hagu, ni ina kallonta. Ba ta kaɗa baya ba, ba ta yi maganar komai ba. Ta dai tafi a hankali, a miƙe.

Akwai lokacin yin tunani, wannan ne ban sani ba a da. Na ɗauka abin farat ɗaya ne. Ashe Oddvar ya sami lokacin sanin abin da ke faruwa.

Tudun dusar ƙanƙarar da motar share hanya ta tara bayan guguwar ne ya rage mata ƙarfi. Ta fasa shi, ta gangara, cikinta ya hau wani dutse ta tsaya. Ƙafafun gaba suna kan ƙanƙarar tafki. Bara babu wannan tudun.

Fitiluna suka shiga cikin ƙanƙarar, ta yi kore har nesa. Na zauna ina kallo. Na miƙa hannu zan kashe su in ga ko wani haske zai rage bayan nawa. Hannuna ya daɗe a kan makunnin. Ban kashe ba. Na fita ta ƙofar da ke wajen tudu, na rarrafa na hau hanya, na bar su a kunne. Ban waiwaya ba har mai share hanya ya tsince ni.

Kai ke da gaskiya, kuma ban ji daɗin hakan ba. Kusan shekara ina tashi da safe da fushinka, shi ke fitar da ni daga gado. Yanzu ba ni da wanda zan yi fushi da shi, sai ruwan sama.

Likita ya ba ni hutu. Wata yarinya daga Hammerfest za ta riƙa zuwa wurin Iya, an ce Iya ta riga ta sa ta kuka sau ɗaya. Ba na son a bar a-kori-kurar Oddvar a wurin har ƙanƙara ta narke. Ban san wa zan roƙa ba in ba kai ba.

Yayarka,
Torunn


Alta, Laraba

Yaya Torunn,

Gaisuwa, da godiya ga Allah.

Ina zuwa Asabar da motar janwe, in sun buɗe hanya. Ki dafa kofi mai yawa, ki ɗaure karen.

Zan fara biyowa ta gida in ɗauke ki. Duk wanda ya kira gareji daga wajen tafkin tun bara, wani nake turawa. Tun da abin ya faru ban ga wurin ba, Yaya, kuma ba na jin zan iya gangara shi ni kaɗai. Ki zauna a gefena ki gaya mini inda zan fara rage gudu.

Sai na zo.

Ƙaninki,
Halvard